Warin bayi ya sa ana yi min kallon ƙazama

"Assalamu alaikum Gwaggo. Ina zaune da maigidana a gidan haya a Ƙofar Ƙaura, cikin Katsina, ɗaki biyu da falo, bayin yana cikin ɗakina. Na haihu farkon watan Yuli, kuma ban je wankan gida ba, ƙanwar mahaifiyata ce ta zo ta zauna min, a bayin nan na yi wankan jego. Tun kafin mu yi arba'in wani wari ya taso, irin na danshi, har yana shigowa ɗaki, kayan da ke cikin sif ma sun ɗauka. Ina wankewa safe da yamma da omo da Hypo, in turara turaren wuta, in an jima ya dawo. Ranar da uwar mijina ta zo ganin yaro ta shiga alwala, da ta fito sai na ji tana ce wa ɗanta wai 'yan matan yanzu sai kwalliyar fuska. Tun ranar maigidan yake min kallon ƙazama. Wata maƙwabciyata kuma ta ce in tashi in nemi taimako, wai ba banza ba. Gwaggo, na rasa inda zan sa kaina."
Mai jego, Katsina

Wa'alaikumus salam 'yata. Barka da arziki, Allah ya raya mana, ya ba ki lafiyar shayarwa.

Ajiye buroshin nan tukuna. Bayin da ake wankewa safe da yamma ba ya warin datti. Abin da ke damunki ɗayan biyu ne: ko ruwa ya samu wurin kwanciya inda hannunki ba ya kaiwa, ko iskar sokawe ta samu hanyar dawowa cikin gida. Dukansu matsalar gini ce da bututu, ko kin ƙarar da Hypo ɗin Babbar Kasuwa kaf ba za su gushe ba. Wankin ma da kike yawaitawa ƙara wa wurin ruwa yake yi, ba ya barinsa ya sha iska. Maƙwabciyarki ta yi gaskiya a abu ɗaya, ruwa ba ya tsami banza, sai dai dalilin da ta hango daban, wanda nake hangowa daban. Ki ci gaba da addu'ar shiga bayi yadda aka koya miki, amma kada ki kai wa kowa kuɗinki kafin ki gwada abin da zan faɗa miki.

Abu biyu suka haɗu miki lokaci guda. Yuli da Agusta su ne tsakiyar damina a Katsina, lokacin da ƙasa ke ƙoshi da ruwa, iska kanta ke ɗauke da laima, wanki ke yini a igiya bai bushe ba. A daidai lokacin kuma aka yi kwana 40 ana juye ruwan zafi a ɗan ƙaramin ɗaki, safe da yamma. Iyayenmu a makewayi marar rufi suke wankan jego, ruwan ya bi rariya ya fita, tururin ya tashi sama, rana ta busar da sauran. Bayin zamani mai silin da 'yar taga guda ba don wannan aikin aka gina shi ba. Ba laifi nake ɗora miki ba, inda za a fara nema nake nuna miki.

Ki ba hancinki dama ya yi aiki. Kwana uku babu turare, babu Hypo, babu maganin fesawa. Ki kwashe duk wani abu mai shan ruwa: tawul, soso, tsumman goge ƙasa, 'yar dardumar bakin ƙofa, kwandon wanki, bokitin da kike jiƙa kayan jariri. Ki shanya su a rana, ki sansana kowanne daban. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa, a tarar tsumman da ake goge bayin da shi ne ke raba wa bayin wari. In ba su ba ne, ki rufe ƙofa da taga da daddare, da asuba ki shiga kafin kowa ya taɓa ruwa. Ki yi hanzari, don hanci na saurin sabawa, bayan 'yan mintoci ba za ki ƙara bambance komai ba. Ki durƙusa ki bi ƙasa-ƙasa: bakin magudana, gindin masai, ƙarƙashin wurin wanke hannu, kusurwoyi. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ko na tufafin da suka kwana a jiƙe yana nufin fumfuna da bango mai riƙe da ruwa. Warin ruɓaɓɓen ƙwai ko na kwata daga cikin bututu yake fitowa. Zarni kuma galibi a gindin masai yake, inda siminti ko tsagin tayil ya sha ya riƙe.

Ni dai wanda na fi zargi a gidanki magudanar ƙasa ce. Mai wankan jego da ganye take wanka, na bedi ko na runhu ko abin da gidansu suka saba, kuma duk tsoma ganyen da fyaɗa shi a jiki sai ɓurɓushi ya zube. Kwana 40 yana bin ruwa yana shiga magudana, ya haɗu da gashi da kumfar sabulu, ya taru a lanƙwasar bututu ya ruɓe. Ki ɗaga murfin, ki juya shi ki ga bayansa. In kin tarar da wani baƙin yauƙi mai santsi manne da shi da bakin bututun, kin kama ɗaya daga cikin masu laifi. Ki sa safar roba, ki lanƙwasa bakin waya ki jawo abin da za ki iya, ki goge cikin bututun da tsohon buroshin haƙori, sannan ki bi da ruwa mai ɗumi da omo.

Kafin ki mayar da murfin, ki haska ramin da fitilar waya. Magudanar da aka yi daidai tana da lanƙwasa ko ɗan kofi a ciki wanda kullum ke riƙe da ruwa, zurfin wajen santimita 5. Wannan ɗan ruwan shi ne ƙofar da ke tare iskar sokawe. In kin ga ruwa kwance yana ƙyalli, ƙofar na nan. In rami kawai kika gani baƙi ƙirin, ki riƙe siririn yankin takardar tishu a bakinsa. Idan ya yi motsi, iska ce ke tasowa daga ƙasa kai tsaye zuwa ɗakin da jaririnki ke kwana. Gidajen haya da yawa haka aka yi su, an zura miƙaƙƙen bututu daga bayi zuwa rami don a rage kuɗin kaya. Gwajin da zai tabbatar miki ba ya cin ko sisi: ki zuba ruwa a leda mai kauri, ki ɗaure bakinta, ki ɗora a kan magudanar ta rufe ta ruf, ta kwana. In da asuba warin ya ragu sosai, kin gama bincike. Mai gyaran famfo zai sa miki magudana mai riƙe ruwa, aikin bai wuce na yini guda ba.

Akwai kuma maganar zafin ruwan. Tsofaffi kan hana zuba tafasasshen ruwa a rariya ba tare da bisimilla ba, suna da nasu dalilin. Mai gyaran famfo ma zai hana, don fararen bututun roba da ake binnewa a ƙarƙashin bayi ba a yi su don ruwan da ya wuce digiri 60 ba. In ana yawan juye musu ruwa daga kan wuta, suna iya laushi, mahaɗarsu ta saki, ruwan ya riƙa tsiyaya ƙarƙashin tayil maimakon ya wuce. Ki ƙwanƙwasa tayil ɗin kewayen magudanar da bayan cokali. Wanda ya zauna daram ƙararsa a toshe take, wanda ruwa ya ci ƙarƙashinsa zai amsa miki da ƙarar fanko. Ki taka shi ki gani ko ruwa zai ɓullo ta tsagi.

Duba masai ba ya ɗaukar lokaci. Ki dafa shi ki girgiza a hankali. In ya motsa, mahaɗarsa da bututu ta saki, kuma ta nan wari ke fita. Ki share bayansa ya bushe, ki shimfiɗa tishu a ƙasa, ki kora ruwa, ki ga ko tishun zai jiƙe. Ki zuba 'yar bula a tankin bayansa, kada kowa ya kora har rabin awa. In shuɗi ya bayyana a cikin kwanon, robar tankin ta mutu. In a ƙasa ya bayyana, tankin ke zuba a waje. Haka za ki naɗa tishu a kowace mahaɗa ta wurin wanke hannu da ta shawa da ta hita. Kada ki raina ɗigo. Daƙiƙa 86,400 ce a kwana guda, famfon da ke ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa yana zubar da abin da ya kai wajen jarkar mai ruwa guda kullum, kuma wani wuri ruwan yake tafiya.

Maganar kayan sif ɗinki ta tsaya min a rai. Ina kyautata zaton sif ɗin jingine yake da bangon da ya raba ɗakin da bayi. Ki sa a jawo shi. Tayil na ɓoye ciwon bango daga ciki, amma ta ɓangaren ɗaki fenti ba ya rufa asiri: za ki ga ya kumbura ko yana ɓarewa, ko wani farin gari na fitowa daga filasta, ko baƙaƙen ɗigo-ɗigo sun bazu a bangon da bayan katakon. Wurin da tabon yake shi zai gaya miki daga ina ruwan ya zo. Tabon da ya taso daga ƙasa, ya yi layi a tsawon bango, bai cika wuce mita ɗaya ba, rima ce: ƙasa ke shayar da bangon, ko don ba a shimfiɗa leda a fandisho ba, ko don an gina gidan a kwari ko kan tsohon kududdufin da aka cike. Tabon da ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar bango, daidai bayan kan famfo ko shawa, bututun cikin bango ne ya fashe. Wanda ya gangaro daga sama kuwa, ko ya yi zobe ruwan ƙasa a silin, rufi ne. Ki zagaye tabon da alli, ki ɗauki hoto, bayan kwana uku ki sake dubawa. Wanda ke girma bayan an yi ruwan sama na damina ne. Wanda ke girma ko an yi ruwa ko ba a yi ba na bututu ne.

Wani lokaci bangon lafiyarsa lau, tururi ne kawai ke sauka a kansa, kamar yadda gorar ruwan sanyi ke gumi in an fito da ita daga firij. Ga yadda ake rabewa. Ki goge wuri ya bushe, ki yanko leda faɗin taku ɗaya, ki manna ta da salatif a duk gefe huɗu yadda iska ba za ta shiga ba, ki bar ta kwana biyu. In raɓa ta taru a bayan ledar, tsakaninta da bango, ruwan daga cikin bango yake fitowa. In a fuskarta ta waje ta taru, iskar ɗakin ce ta cika laima, maganinta taga a buɗe da ƙofa a rufe bayan wanka, da janye ruwan ƙasa da abin jan ruwa na roba maimakon a bar shi ya bushe don kansa.

Sauran aikin na maigida ne, kuma da gangan na ware masa. In kuna da tankin sama, ya cika shi da daddare, ya rufe kowane famfo, ya tsoma sanda ya yi alama, kada a taɓa ruwa har safe. A tanki mai faɗin mita ɗaya, raguwar santimita ɗaya kusan lita 8 ce. In ya tarar ruwa ya sauka alhali kowa barci yake, bututu na zuba a ɓoye. Sannan ya zagaya bayan gida ya dubi bangon bayin daga waje. Gansakuka a gindin bango, indararon da ke zuba a jikin gini, ƙasar da aka tara ta fi daɓen ciki tudu, bututun ruwan wanka da ya tsaya a gindin katanga bai kai kwata ba, duk abubuwa ne da ido ke gani. In ginin irin mai ɓoyayyen rufi ne, wanda katanga ta zagaye kwanon, a hau a duba hanyar ruwan. Ganyen bedi da ledar da iska ta kwaso kan toshe ta, ruwa ya kwanta ya bi bango ya sauko. Ya kuma nemi bututun numfashin sokawe, dogon nan da ke miƙe a jikin bango. Zanzaro da tsuntsaye na son yin gida a bakinsa, wani kuma magini ya yanke shi gajere, bakinsa ya tsaya daidai tagar bayi. Ya kamata ya wuce rufi. In masai na yin gurgur ko ruwa na jinkirin wucewa tun da damina ta kankama, wataƙila ramin ne ya cika, sai a kira masu motar kwashewa.

A nan zan ɗaga murya. Kada maigidanki ko wani yaron unguwa ya shiga ramin sokawe, kada ma ya zura kai, kada a kunna ashana a bakinsa. Akwai iska mai kama wuta a ciki, akwai kuma mai warin ruɓaɓɓen ƙwan nan, wadda in ta yi yawa take kashe jin wari, mutum ya zaci ta tafi, ya faɗi cikin 'yan daƙiƙoƙi. Mun sha jin yadda wanda ya shiga ceto yake bin wanda ya fara shiga. Ke kuma kada ki kuskura ki haɗa Hypo da maganin wanke masai mai asid irin su Harpic, wai don ya fi ƙarfi. Haɗin na fitar da iskar kulorin mai ƙona ido da huhu, balle a rufaffen bayi. In bangon da ke jiƙe akwai makunnin hita ko soket a jikinsa, a kashe layin har mai gyaran wuta ya gani. Shi kuma yaron, a mayar da shimfiɗarsa ɗaya ɗakin har a gama. Tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan danshi da fumfuna a cikin gidaje, saboda alaƙarsu da tari da shessheƙa da tashin asma. Hayaƙin gawayi da turare a rufaffen ɗaki ma ba abokin ƙirjin jariri ba ne. In kin ji numfashinsa na kuka ko yana ja da ƙyar, asibiti za ki nufa, kada ki jira a gama gyaran bango.

Maganar surukarki ta yi ciwo, na sani, amma kada ki mayar. Ta shiga sau ɗaya, ta ji wari, ta faɗi abin da ya zo mata. Wanda ya fi ba ni mamaki ɗanta ne, wanda ke shiga bayin nan kullum, yana ganin ki duƙe da buroshi ga ɗanyen jiki. Duk da haka ban ba ki shawarar zaman tuhuma ba. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki ce, "Baban wane, zo ka taya ni duba wani abu." Ki miƙa masa fitila, ki nuna masa bayan sif ko tishun da ke motsi a bakin magudana. Gani ya kori ji. Namijin da ya gano fasasshen bututu da idonsa shi zai kai wa mahaifiyarsa labari da bakinsa, har da ƙari, kuma daga bakinsa zancen ya fi shiga kunnenta. In ta sake zuwa ki tarbe ta yadda kika saba, kada ki tayar da maganar.

Mai gidan haya kuma maigidanki ne zai tunkare shi, da hotuna a waya. Abin da ya shafi rufi, bututun cikin bango da ramin sokawe bisa al'ada na mai gida ne, sai in takardar hayarku ta ce wani abu daban. Toshewar magudana da robar tanki naku ne, kada ku tsaya ja-in-ja a kansu. In ya ce ku gyara a cire a kuɗin haya, a yi maganar gaban shaida ko a rubuce, a ajiye rasit, kada ku rage kuɗin bisa ra'ayin kanku. In kuma bincike ya nuna ramin maƙwabci ne ke tsatsafowa ta katangarku, a fara da sallama da magana mai daɗi, in ta ƙi a je wa mai unguwa, in ta ƙi nan ma akwai duba-gari a ƙaramar hukuma.

Mai gyaran da ya zo ya ce a fasa tayil gaba ɗaya kafin ya yi ko gwaji ɗaya, ku sallame shi. Wanda ya ce a shafe tabon da fenti mai mai ko a lulluɓe shi da sabon tayil, shi ma haka. Ruwan zai koma gefe ya ɓullo a wani wuri. A fara tsayar da ruwan. Sannan a kankare filastar da ta ruɓe, a wanke fumfunar da Hypo kashi ɗaya cikin ruwa kashi goma, taga a buɗe, yaro a waje. Kayan sif a wanke su a shanya a rana mai kyau, sif ɗin kuma a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango. Bangon bulo da ya sha ruwa yana ɗaukar makonni kafin ya bushe har ciki, don haka sabuwar filasta da fenti su jira hunturu, Disamba ko Janairu. In kuma a lokacin za ki je ganin gida ki yi makonni, ki bar wa maigidan saƙo ya riƙa zuba moɗa guda a magudanar duk bayan 'yan kwanaki, don iskar hunturu na shanye ɗan ruwan da ke tare warin, ki dawo ki tarar da warin yana jiran ki.